Masu Binciken da Suka Bar Talabijin Suka Koma Littafi

 Yau batun littattafai ne, amma irin waɗanda talabijin ta haifa.

A watan Disamban 2009 tashar USA Network ta Amurka ta nuna kashi na ƙarshe na shirin Monk, bayan zango 8 da kashi 125. Sama da mutum miliyan 9 suka zauna kallo a daren, domin a nan ne aka bankaɗo wanda ya sa aka dasa bam a motar Trudy, matar Adrian Monk, kisan da ya hana shi sukuni tun farkon shirin a 2002. Aka naɗe kayan aiki, 'yan wasa suka kama gabansu. Shi kuwa Monk bai ajiye aiki ba. Ya ci gaba da farautar masu kisan kai har zuwa 2015, a cikin jerin littattafai 19 da aka rubuta da sunansa. Lee Goldberg ya rubuta 15, Hy Conrad ya ƙara 4, kuma dukansu biyu sun taɓa rubuta wa shirin labari tun yana kan allo.

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce labari ya taso daga littafi ya shiga fim. Haka Sherlock Holmes ya yi, haka Hercule Poirot na Agatha Christie, kuma a Kano ma haka littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim. Waɗannan da ake magana a kansu yau baibai suka bi hanyar. Ɗan wasa ne ya fara hura wa mai binciken rai a gaban kyamara, daga baya marubuci ya karɓe shi ya kai shi takarda. Manazarta adabi ba su cika waiwayar irin waɗannan littattafai ba, wasu ma kallon kayan talla suke yi musu. Masu saye kuwa ba su fasa ba, kuma suna da hujja.

Hujjar farko tana cikin kunnen mai karatu. Marubucin da ya ƙirƙiro sabon jarumi sai ya ci babi biyu ko uku kafin a san yadda mutumin yake tafiya da yadda yake magana. Wanda ya buɗe littafin Monk kuwa da fuskar Tony Shalhoub ya zo, da muryarsa, da yadda yake karkatar da wuya yana ɗaga tafukan hannu idan ya shiga ɗakin da aka yi kisa. Ya san Monk tsohon ɗan sandan ciki ne a San Francisco, wanda cutar waswasi ta tsananta masa bayan mutuwar matarsa har ta raba shi da aiki. Ya san yana tsoron ƙwayoyin cuta da tsawo da cunkoso da madara, kuma ba ya gaisawa da mutum face ya miƙa hannu a ba shi abin gogewa. Shalhoub, wanda asalin iyayensa daga Lebanon ne, ya ci kyautar Emmy sau uku da wannan rawa. Saboda haka layi ɗaya ya ishi marubuci. Da ya ce Monk ya hango hoto a karkace a bango, mai karatu ya riga ya fara murmushi, don ya san ba za a ci gaba da binciken ba sai an daidaita hoton.

Amma da iyakar abin ke nan, da sake kallon tsofaffin kashi ya wadatar. Gwanintar Goldberg ta fito ne a wurin zaɓen mai ba da labari. Bai sa Monk ya yi magana da bakinsa ba. Ya miƙa alƙalamin ga Natalie Teeger, mataimakiyarsa, wadda mijinta matuƙin jirgin soja ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya. A talabijin ana ganin Natalie tana riƙe da jaka tana bin maigidanta. A littafi ana jin abin da ke ranta: gajiyar da take kwasa, da lissafin albashin da ba ya kai wata, da tausayin mutumin da yake iya gano mai kisa daga ƙullin igiyar takalmi amma ba ya iya shiga ɗakin wanka na wani. Kyamara ba ta shiga zuciya sai ta hanyar fuska. Littafi kuwa kai tsaye yake shiga.

Littafin farko, Mr. Monk Goes to the Firehouse, wanda ya fito a 2006, ya nuna wannan tun daga tushe. Ana feshin maganin ƙwari a gidan Monk, dole ya tare a gidan Natalie na wasu kwanaki, abin da ya jefa gidan cikin tasku. Ana cikin haka sai 'yarta Julie ta shiga damuwa saboda an kashe karen ofishin 'yan kwana-kwana da yaran makaranta suka shaƙu da shi. Monk ya karɓi binciken kisan kare, sai ga shi zaren ya ja shi zuwa gobarar da ta ci ran wata mata a daren. Kashi ɗaya na talabijin bai wuce minti arba'in da 'yan kai ba idan an cire talla. Littafi yana da ɗaruruwan shafuka, don haka akwai filin da za a zauna a teburin cin abinci a ga yadda zama da Monk yake, a kuma saƙa ƙananan bincike biyu ko uku a gefen babban.

Sai batun kuɗi. Shirin Monk a San Francisco aka ce yake faruwa, amma yawancinsa a Los Angeles aka ɗauka, domin kwashe ma'aikata da kayan aiki zuwa wani gari ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Marubucin littafi ba ya biyan kuɗin jirgi. Goldberg ya kai Monk tsibirin Hawaii. Ya kai shi garin Lohr na Jamus, inda ya bi likitansa na ƙwaƙwalwa, Dakta Kroger, har wurin taro saboda ba zai iya jure mako guda ba tare da ganinsa ba. Daga can ya wuce da shi Paris, ya shigar da mutumin da ke gudun ƙura cikin magudanan ƙazanta na birnin da ramukan ƙarƙashin ƙasa da aka jibge ƙasusuwan miliyoyin mutane, inda idonsa ya tsinto ƙoƙon kai guda da bai daɗe da rabuwa da mai shi ba. Littafin Jamus ya fito a 2008, shekarar da Stanley Kamel, wanda ya fito a matsayin Dakta Kroger, ya rasu. Masu kallo sun rasa shi a allo, suka same shi a shafi.

Akwai kuma daɗin da ya keɓanta da labarin bincike. Irin wannan labari wasa ne tsakanin marubuci da mai karatu: an baza alamu a fili, an ɓoye su cikin surutu, wa zai riga gano mai laifi? A talabijin alama takan gifta cikin daƙiƙa biyu, kiɗa ya ɗauke hankali, kafin mai kallo ya ankara an wuce. Mai littafi shi ke riƙe da linzami. Yana iya tsayawa a babi na goma, ya koma na uku ya duba ƙarfe nawa direban ya ce ya bar gida, ya gwada da abin da mai aikin gidan ta faɗa. Yana iya rufe littafin ya kwana yana juya zarginsa. Idan aka zo wurin da mai binciken ya tara jama'a yana warware yadda abin ya faru, mai karatu yana da damar tuhumar marubucin da kansa, ya ga ko ya yi adalci ko ya ɓoye hujja a aljihu.

Wanda ya fi kowa daɗewa a wannan fage mace ce. Jessica Fletcher, tsohuwar malamar Turanci da ta koma rubuta littattafan bincike bayan rasuwar mijinta, ita ce tauraruwar shirin Murder, She Wrote da tashar CBS ta nuna daga 1984 zuwa 1996, kashi 264. Angela Lansbury ce ta fito a matsayinta, tana zaune a wani ƙaramin garin masunta na ƙirƙira mai suna Cabot Cove a jihar Maine. A 1989 aka fitar da littafi na farko mai ɗauke da sabon labari, Gin and Daggers, kuma a bangonsa aka rubuta sunaye biyu: Jessica Fletcher da Donald Bain. Ɗaya ba ta taɓa wanzuwa ba, ɗayan ne ya yi aikin. Bain ya rubuta sama da 40 kafin rasuwarsa a 2017, daga baya Jon Land da Terrie Farley Moran suka ɗora, har jerin ya haura 50. Lansbury ta rasu a 2022, littattafan kuma ba su tsaya ba.

Wannan littafi na farko ya bar darasin da duk mai wannan sana'a yake tunawa. A cikinsa an sa Jessica ta tuƙa mota. Duk wanda ya bi shirin ya san ba ta tuƙi: keke take hawa a cikin gari, in tafiya ta yi nisa ta shiga tasi ko wani ya rage mata hanya. Masu kallo suka yi ca, suka nuna wannan kuskure da wasu irinsa. A 2000 aka sake buga littafin bayan an gyara. Ga wanda bai san shirin ba, wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda ya yi shekara 12 yana zama da ita kowane mako, matar da ta riƙe sitiyari wata ce daban, ko da sunansu ɗaya.

A nan ne wahalar aikin take. Marubucin irin wannan littafi kamar mai riƙon ɗan wani ne: zai ciyar da shi, ya yi tafiya da shi, ya koya masa sababbin abubuwa, amma ba shi da ikon sauya masa suna ko ya aurar da shi ba da yawun iyayensa ba. Haƙƙin mallaka na kamfanin da ya shirya fim ɗin ne. Marubuci yakan miƙa tsarin labarinsa a duba kafin ya fara, ba zai kashe babban jarumi ba, ba zai warware sirrin da shirin yake ja tsawon shekaru ba. Shi ya sa muddin shirin Monk yana gudana, littattafan ba su taɓa bayyana wanda ya kashe Trudy ba. Cikin wannan ƙunci gwani yake nuna kansa. Bain ya ƙirƙiro wa Jessica wani sufeton 'yan sandan Scotland Yard mai suna George Sutherland, wanda ke sonta, ya bar zumuncin nasu yana tafiya a hankali littafi bayan littafi ba tare da ya kai ga abin da zai rushe Jessicar da aka sani ba.

Wani lokaci kuma ruwan yakan koma inda ya fito. Labarin 'yan kwana-kwana da Goldberg ya rubuta ya burge masu shirin har suka mayar da shi kashi a zango na biyar, da sauye-sauye: maimakon kare, mutum aka kashe, kuma Monk ya makance na ɗan lokaci. Littafin Mr. Monk and the Blue Flu, inda 'yan sandan birnin suka shiga wani irin yajin aiki na ƙaryar rashin lafiya har aka mayar wa Monk da muƙami, shi ma ya ba da gudummawa ga wani kashi a zango na ƙarshe. Sharona Fleming, mataimakiyar Monk ta farko da ta bar shirin a zango na uku, a littafi ta fara dawowa ta yi ido biyu da Natalie, a 2007. Talabijin ba ta haɗa su ba sai 2009.

A Ingila an ga abin da ya fi wannan ban mamaki, domin can marubucin asali ne ya bi sawun talabijin. Colin Dexter ya ƙirƙiro Sufeto Morse na birnin Oxford a 1975, kuma a littattafan farko motar Lancia yake hawa. Da tashar ITV ta fara shirin a 1987, John Thaw ya bayyana cikin jar Jaguar, motar ta manne wa Morse a idon jama'a har aka sauya ta a bugun littattafan da suka biyo baya. Bai tsaya nan ba. Akwai wani kashi mai suna The Wolvercote Tongue da aka gina a kan labarin da Dexter ya tsara domin talabijin kawai: 'yan yawon buɗe ido daga Amurka sun sauka a Oxford, wata mata ta mutu a ɗakin otel, wani tsohon kayan ado da za a miƙa wa gidan tarihi na Ashmolean ya ɓace. A 1991 Dexter ya mayar da labarin littafi mai suna The Jewel That Was Ours, ya kuma sauya ƙarshensa. Wanda ya kalli fim ɗin ya buɗe littafin yana ganin ya san komai, sai ya tarar an sake masa lissafi.

Tashar ABC ta Amurka ta ɗauki wasan zuwa wani mataki da shirin Castle, wanda ya gudana daga 2009 zuwa 2016. Jarumin, Richard Castle, marubucin littattafan bincike ne da ke bin wata jami'ar 'yan sandan New York, Kate Beckett, domin ya samo abin rubutawa. A cikin shirin ana ganinsa yana rubuta littafi mai suna Heat Wave. A 2009 sai ga littafin a kantuna da gaske, da sunan Richard Castle a bango da hoton ɗan wasa Nathan Fillion a baya. Ya shiga jerin littattafan da aka fi saye na jaridar New York Times, wasu suka biyo bayansa. An daɗe ana cacar baki a kan wanda ke riƙe da alƙalamin, kafin a tabbatar cewa Tom Straw ne ya rubuta na farko-farkon. Mai karatu a nan yana cin riba biyu: yana bin binciken jaruma Nikki Heat, yana kuma tsintar abubuwan da Castle ya kwaso daga zamansa da Beckett ya saka a ciki.

Ba duka ne suke yin armashi ba, kuma gaskiyar masu suka tana nan. Akwai littattafan da aka rubuta cikin gaggawa don a riski kasuwa, waɗanda ba su wuce kwafe abin da aka riga aka gani a allo ba, an ƙara masa bayanin launin labule. Akwai kuma jaruman da takarda ba ta ɗaukarsu da sauƙi. Laftanar Columbo na Los Angeles misali ne. A shirinsa tun farko ake nuna wa mai kallo wanda ya yi kisan, daɗin yana cikin ganin Peter Falk da yamutsattsiyar rigar ruwansa da guntun sigari, yana nuna kamar bai fahimci komai ba, ya kai bakin ƙofa ya juyo da tambaya ɗaya da za ta rusa mai laifi. Rabin wannan a jikin Falk yake. William Harrington, wanda ya rubuta littattafan Columbo a shekarun 1990, ya nemi cike giɓin ta hanyar ɗaura labaransa a kan manyan shari'o'in gaske, ya fara da kisan Shugaba Kennedy na 1963. Dabara ce mai jan hankali, sai dai ta kai Columbo wani fili da ya fi wanda aka saba ganinsa a ciki faɗi.

Bambancin mai kyau da maras kyau ba ya da wuyar ganewa. Mai kyau sabon labari yake kawowa, da alamun da aka shimfiɗa bisa adalci, da jarumin da ke magana yadda aka san shi. Masu wannan sana'a da kansu sun gaji da raini, shi ya sa Lee Goldberg da Max Allan Collins suka kafa ƙungiyar marubutan irin waɗannan littattafai ta duniya, wadda take ba da kyautar Scribe tun 2007. Collins ba ƙaramin marubuci ba ne: shi ya rubuta Road to Perdition da aka mayar fim da Tom Hanks a 2002, shi ne kuma ya rubuta littattafan farko na shirin CSI. Donald Bain ne ya fara karɓar lambar girmamawa mafi girma ta ƙungiyar.

Akwai wani amfani da malaman makaranta za su so ji. Matashin da ke jin nauyin ɗaukar littafi mai shafi 300 yakan sami sauƙi idan ya riga ya san mutanen da ke ciki. Ba ya ɓata a cikin sunaye, ba ya wahalar hasaso wuri, hankalinsa yana kan tambaya ɗaya, wa ya aikata? Wannan tambaya ita ke jan shi daga babi zuwa babi har ya ga bango na baya. Wanda ya gama Monk ko Jessica Fletcher, hanya ta buɗe masa zuwa Agatha Christie da Colin Dexter.

Ga mai son gwadawa, tsarin karatun ya bambanta. Littattafan Jessica Fletcher kowanne yana tsaye da ƙafarsa, ana iya farawa daga duk wanda ya zo hannu, ko na Landan ko na Mosko ko na cikin Cabot Cove. Na Monk kuwa gara a bi su a jere daga na 'yan kwana-kwana, musamman ga wanda bai kammala kallon shirin ba, domin waɗanda aka rubuta bayan 2009 sun ɗora ne daga inda talabijin ta tsaya, kuma suna ambaton yadda shari'ar Trudy ta ƙare. Shi kuma mai sha'awar Morse, ya fara kallon The Wolvercote Tongue kafin ya buɗe littafin 1991, ya rubuta sunan wanda yake zargi a takarda, sannan ya gwada da hukuncin da Dexter ya yanke a karo na biyu.